Babban Wili a Hanyar Adar: Abin Dubawa Kafin a Kwance Noti

Kusan duk motar da ta tashi daga Birnin Ƙonni za ta Tawa sai ta ratsa Badagishiri. Garin yana kan hanyar ƙasa mai lamba 29, wadda ta ɓalle daga babban titin Yamai zuwa Damagaram a Tsarnawa ta miƙe arewa, kuma kasuwarsa ta mako tana cikin waɗanda ake ji da su a faɗin Adar. Ranar da take ci, duk wani abu mai tafiya a kan taya sai an gan shi a bakin kwalta: tireloli da simintin Malbaza, manyan motocin albasa, Hiace da aka danƙare da fasinja da kaya har sama, tsofaffin Land Cruiser ɗauke da tumaki, kabu-kabu, amalanken jaki. A 'yan shekarun nan, musamman gab da salla lokacin da 'yan bida, wato 'yan ci-rani, ke komowa gida, akan ga wata baƙuwa a cikinsu: ƙaramar mota, Corolla ko Golf, an kwance mata ƙafafunta na asali an ɗaura mata wili mai ƙyalli, inci 18 ko 19, wanda makanikan Ƙonni ke kira janti, da tayar da kaurinta bai fi yatsu huɗu ba.

Mai motar galibi saurayi ne da ya sha wuya kafin ya same ta. Ya yi shekaru yana tura baro a Abijan, ko aikin gini a Libiya, ko dako a Legas, ya tara ya saya. Ba mai hana shi ado. Hausawa ba su taɓa ƙin yi wa abin hawa kwalliya ba; kayan dokin hawan salla da zanen jikin manyan motocin katako sun isa shaida. Sai dai zanen jikin mota ba ya taɓa ƙasa. Taya ce kaɗai ke haɗa mota da hanya, kuma inda kowace ke taɓawa bai wuce faɗin tafin hannu ba. Birki da kwana da kauce wa jaki ko yaron da ya faɗo titi, duk a kan waɗannan wurare huɗu ake yin su.

A gefen kowace taya akwai rubutun da yawancin masu saye ba sa tsayawa su karanta. A Golf 4 da Corolla da dama, abin da kamfani ya sa shi ne 195/65 R15. Lamba ta farko faɗin tayar ne, milimita 195. Ta biyu tana nufin tsayin naman taya, daga bakin wili zuwa inda zane ya fara, kashi 65 cikin ɗari ne na wancan faɗin, wato kusan santimita 12 da rabi. Ta ƙarshe girman wilin ne, inci 15. Idan aka haɗa, ƙafar gaba ɗaya tana da tsayin santimita 63 da rabi, kuma a kan wannan tsayi injiniyoyi suka lissafa komai: giya, birki, maleji, da sararin da ke cikin madigadi.

To, wanda ke son babban wili hanya biyu gare shi, kowace da kuɗin shigarta. Ko ya bar tsayin ƙafar yadda yake ya rage naman taya, ko ya bar ƙafar ta ƙara tsayi.

A ɗauki ta farko, don ita ce ta fi yawa. Da wilin inci 17 sai a sa 225/45, naman taya ya koma santimita 10. Da inci 18 sai 225/40, ya koma santimita 9. Wanda kuɗinsa bai kai ba, ko bai sami lambar da ta dace ba, yakan ɗauki 215/35 R18, naman ya koma santimita 7 da rabi. Wannan naman da ake ta yankewa shi ne farkon abin da ke shanye duka kafin ya kai ga sifirin da shakazoba. Idan mota ta faɗa rami da gudu, tayar tana lotsawa, iskar ciki ta karɓi bugun, ta dawo. Idan naman ya yi kaɗan, ba ta da inda za ta lotsa: bakin wili ya datse robar a kan leɓen ramin, zaren cikin taya ya tsinke. Wani lokaci ta fashe nan take. Wani lokaci kuma, kuma shi ne ya fi muni, sai gefenta ya kumbura kawai, direba ya ci gaba da tafiya a kanta har ranar da za ta buɗe a inda ba a so.

Kowa a Adar ya san irin hanyar da ake magana. Kwalta ce da manyan motoci masu lodin wuce kima ke niƙa dare da rana, gefenta a gutsure, ramuka na buɗewa bayan kowace damina. Da an sauka daga kanta zuwa ƙauyukan da ke cikin kwari ko bisa tudu, sai burji mai gargada, sai duwatsun Adar masu kaifi, sai korama da ruwa ya yanke ya bar gaɓa. Siririyar taya a irin wannan wuri takalmin biki ne a gonar albasa.

Sannan akwai bambanci tsakanin ƙarfe da alminiyom wanda kowane mai faci ya sani. Wilin ƙarfe idan ya bugu lanƙwasa yake yi, a sa guduma a miƙe shi a bakin hanya, a hura iska, a wuce. Wilin alminiyom da aka zuba a narke tsagewa yake yi. Akan kai shi wajen mai walda a Ƙonni ko Tawa, a like shi, a goge, ya yi kamar sabo, amma wurin da wuta ta taɓa ba ya komawa ƙarfinsa na da. Ba wanda zai ce duk wilin gwanjo da ke jere a shaguna ya taɓa shan walda, amma wanda bai juya bayansa ya duba ba bai san wanda ya saya ba. Na kirki da aka yi a Japan suna ɗauke da tambarin JWL, alamar sun cika ƙa'idar gwajin ƙarfi, ko da yake 'yan jabu ma sun iya buga tambari.

Wani zai ce ai motocin tsere haka ƙafafunsu suke. Wannan shi ne abin da finafinai irin su Fast and Furious, wanda ya fara fitowa a 2001, da bidiyon mawaƙan Amurka, da hotunan samarin Dubai a TikTok suka cusa a zukata. Gaskiyar da ke ciki 'yar kaɗan ce: motoci masu tsananin gudu suna buƙatar babban faifan birki, babban faifai kuma sai babban wili, kuma gajeren nama yana sa sitiyari ya amsa da sauri a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta mai santsi. Corolla ba ta da wannan faifan. A leƙa ta tsakanin ƙafafun wilin inci 18 da aka sa mata, za a ga ɗan ƙaramin birkinta na asali yana iyo a fili. Kuma motocin Formula 1, waɗanda ba abin da ya fi su gudu a kwana, sun yi shekaru da dama a kan wilin inci 13. Sai a 2022 suka koma 18.

Masu tseren da ya kamata saurayin Adar ya kalla su ne waɗanda suka san irin ƙasarsa. Gasar Paris zuwa Dakar ta farko, wadda ta tashi a ƙarshen Disamba 1978, ta bi ta Agadas da Yamai, kuma ta yi shekaru tana ratsa Tenere. Yau a Saudiyya ake yin ta, amma ƙasar iri ɗaya ce: rairayi da duwatsu. Hilux ɗin da Nasser Al-Attiyah na Katar ya ci gasar da ita a 2022 da 2023 tana da tayar da tsayinta inci 37 ne, a kan wilin inci 17 kacal. Naman tayar santimita 25 ke nan, kusan ninki uku na abin da ke kan motar ɗan bida. Direbobin Agadas zuwa Dirku ba su karanta wannan a ko'ina ba, amma haka suke yi: wilin inci 16, taya mai nama, idan an shiga rairayi a rage iska don tayar ta baje ta hau kansa. Siririyar taya ba ta da iskar da za a rage. Mai ita idan ya kafe a korama, sai ya jira masu turi.

Hanya ta biyu, wato barin ƙafar ta ƙara tsayi, ita ma da nata. Idan aka tura wa motar 195/65 R15 ɗin nan 245/35 R20, tsayin ƙafar ya tashi daga santimita 63 da rabi zuwa kusan 68, ƙarin kashi 7 cikin ɗari. Maleji juyin ƙafa yake ƙirgawa, bai san an canza ta ba. Allura tana kan 100, motar tana gudun kusan 107. Bambancin kamar ba komai, amma nisan tsayawa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ya fi shi saurin ƙaruwa: wannan ƙarin kaɗai yana ƙara wajen kashi 15 cikin ɗari a kan tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya. Ga shi birkin da aka yi don ƙaramar ƙafa dole ya tsayar da doguwa mai nauyi. A shigar gari irin Badagishiri ranar kasuwa, inda mutane da dabbobi ke tsallakawa ba sallama, mita biyar na iya zama tsakanin rai da ajali. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce haɗarin hanya yana kashe mutum miliyan 1.19 a shekara, shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a.

Masu Hilux da Prado su ma ba su tsira ba, sai dai su ta wajen taya suke ƙari. Daga 265/65 R17 zuwa 285/70 R17 shi ma kashi 7 ne, kuma duk tsayin da motar ta samu daga ƙasa bai kai santimita 3 ba. A madadinsa, ta rage ƙarfin hawa tudu da kaya, tayar na gogar madigadi idan an murɗa sitiyari ƙarshe, kuma motar da dama doguwa ce ta ƙara sauƙin wuntsilawa, balle an ɗaga sifirin don tayar ta sami wuri. Amurka ta ga abin da ke faruwa idan doguwar mota da tayar da ta gaza da zafi suka haɗu: a watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye taya miliyan 6.5 bayan motocin Ford Explorer sun yi ta kifewa, kuma tun kafin nan an ga matsalar a ƙasashe masu zafi irin Saudiyya da Benezuwela. A kusa da gida, ranar 6 ga Maris 2016, ƙaramin ministan ƙwadago na Najeriya, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar baya ta babbar motarsu ta fashe, motar ta wuntsila. Ba babban wili ne ya kashe su ba, amma haɗarin ya nuna cewa tsadar mota ba ta rufe laifin taya.

Zafi kuwa Tawa ba ta roƙon kowa. A watan Afrilu da Mayu ma'auni na wuce 40 a inuwa, kwalta kuma ta fi haka nesa. Nan ne wata lambar da ake mantawa ke shigowa. Bayan 195/65 R15 akan ga 91, ma'ana tayar na ɗaukar kilo 615. Yawancin 215/35 R18 kuwa 84 ne, kilo 500. A ƙafa huɗu an yi asarar kilo 460, nauyin manya shida ko bakwai. Ga motar da za ta ɗauki iyali duka zuwa biki a Illela, ko a cusa mata buhunan gero a baya, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. Tayar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta tana ɗaukar zafi daga ciki, zafin na raba roba da waya.

Kuma da wuya saurayi ya sayi sabuwa a wannan girman, don tsadarta. Gwanjo zai saya. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina yin taya a Legas a 2008, yankin nan duka ya dogara ga ta waje, kuma duk da tsofaffin tayoyi na cikin jerin kayan da kwastan ɗin Najeriya ya haramta shigowa da su, sun cika kasuwanni ta kowane gefen iyaka. Da yawansu an cire su ne a Turai don sun tsufa. Wasu na lokacin sanyi ne, masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe, robarsu mai laushi ce da aka yi don dusar ƙanƙara, zafin Adar na cinye ta da wuri. Shekarun taya a rubuce suke: a ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2317 na nufin mako na 23 na 2017. Kamfanonin mota da dama sun ce a sauke taya bayan shekara 6 ko da zanenta na nan, Michelin kansa ya ce kada ta wuce 10. Zane mai kyau a kan tsohuwar roba shi ne ainihin abin da ake cewa araha ba ta ado.

Abin da ya fi duk waɗannan haɗari, kuma ya fi ɓoyuwa, shi ne yadda ake ɗaura wilin. Ramukan noti ba iri ɗaya ba ne. Marsandi tana da biyar a da'irar milimita 112, Camry biyar a 114.3, Golf 4 biyar a 100, Peugeot 406 huɗu a 108. Tsakanin 112 da 114.3 ido ba ya ganin bambanci, kuma mai shago zai ce, "Maigida, ai za ta hau, ɗan fafewa kawai za a yi." Za ta hau ɗin. Amma notin ya zauna a karkace, kowane juyi yana lanƙwasa kusar kaɗan kaɗan, har ranar da za ta karye. Haka ramin tsakiya: idan ya fi cibiyar ƙafar faɗi kuma ba a sa zoben da zai cike ba, wilin ba ya zama daidai tsakiya, sitiyari ya dinga rawa. Shi kansa notin, wani bakinsa tsini ne, wani zagaye, wani shafaffe mai washa. Wanda ya riƙe wilin Toyota na asali ba lalle ya riƙe na kasuwa ba. Idan kuma wilin ya fito waje fiye da na asali, ko aka sa faranti a bayansa don kada ya gogi shakazoba, nauyin mota ya koma gefen boris, ya fara kuka tun lokacinsa bai yi ba. A Jamus, ba a sa wa mota wilin da ba nata ba sai da takardar da ta tabbatar ya dace da ita. A nan, takardar ita ce idon mai motar.

Sai aljihu. A 2010 mujallar Car and Driver ta Amurka ta ɗauki Golf guda ta gwada ta da wili daga inci 15 zuwa 19. Kowace ƙafa ta ƙara nauyin wajen kilo 6, shan mai ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin ɗari, motar kuma ta rage saurin tashi. Da can ɗan Ƙonni zai yi dariya, don man Najeriya na kwarara a jarka da kwalba a kan araha. Tun da shugaban Najeriya Bola Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 wannan zamanin ya wuce. A farashin sefa 499 da gwamnatin Nijar ta sa wa lita a watan Yulin 2024, motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 za ta ƙara cin kusan sefa 400 a kowane ɗari. Mai yin kilomita 1,500 a wata ya zubar da jika shida, a shekara jika saba'in da biyu, ban da taya da boris. Ranar da ta fashe tsakanin Badagishiri da Tsarnawa kuma, mai facin bakin hanya yana da 14 da 15 da 16 a rataye, ba ya da 18, kuma ƙarafan da yake ɓamɓare taya da su na iya ɓata bakin alminiyom. Safayar da ke baya, idan an tuna da ita ma, ta asali ce, wataƙila notin da aka canza ba zai riƙe ta ba.

Saurayin da har yanzu ransa ke kan ado yana da inda zai tsaya ba tare da ya cuci kansa ba. Ya buɗe ƙofar direba, ko murfin tankin mai, ya karanta takardar da kamfani ya manna: a nan aka rubuta girman tayoyin da motar ke ɗauka da yawan iskar kowace. Ga motar 195/65 R15, galibi zai ga 205/55 R16 a jerin, tsayinta kusan ɗaya da ta asali, nauyin da take ɗauka ɗaya, namanta kuma ya wuce santimita 11. Mai son ɗan ƙarin tsayi saboda korama ya duba 205/65 R15, wadda ƙarinta kusan kashi 2 cikin ɗari ne. Masu sana'ar sun daɗe da sa iyaka a kashi 3. Ya tafi da makanikin da ya yarda da shi, a auna ramukan noti, kada a fafe komai, a daidaita ƙafafun a inji, a sake ɗaure notin bayan kilomita 50 zuwa 100 na farko, a riƙa auna iska da safe kafin taya ta ɗauki zafi. Kuɗin da ya rage ya sa su a sababbin tayoyi huɗu da birki mai kyau, ya ajiye wilin ƙarfensa na asali a gida don damina. A kan hanyar Tsarnawa zuwa Tawa da ƙauyukan da ke gefenta, Corolla ko Golf ba ta da abin yi da wilin da ya wuce inci 16.